A Auna Gini Tun Yana Tsaye

Wannan shi ne jawabin da wani ɗan'uwanmu, tsohon ma'aikacin safiyo, ya gabatar a taron ƙungiya a nan Ebute Metta. Mun buga shi kamar yadda ya faɗa, sai ɗan gyaran da ba a rasa ba.

 

  

Ranar da sakatare ya same ni ya ce in yi magana a kan sababbin na'urorin awo da ake adana tsofaffin gine-gine da su, sai da na yi dariya. Na ce masa, mutanen da ke fama da kuɗin haya da kuɗin makarantar yara, ina ruwansu da wani tsohon bango? Ya ce, to ai kai ma kana jin maganar da ake yi ta a rushe tsohon masallacinmu a yi mai bene. Da ya faɗi haka sai na yi shiru, domin ya taɓo ni inda yake mini ciwo. Saboda haka ku yi haƙuri da ni, zan biyo ta Zariya da Kano da wasu ƙasashe masu nisa, amma a nan ƙofar masallacinmu zan sauka.

Bari in fara da Zariya. Ranar Juma'a 11 ga Agusta 2023, ana cikin sallar La'asar, wani sashe na babban masallacin birnin Zariya ya rufto a kan masu salla. Aƙalla mutum bakwai suka rasu, wasu da dama suka ji rauni. Allah ya jiƙansu, ya sa shahada suka yi. Akwai Zage-zagi a wannan zaure, na san wasunku sun kwana suna buga waya gida a daren nan. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne bayanin da Mai Martaba Sarkin Zazzau, Malam Ahmad Nuhu Bamalli, ya yi wa 'yan jarida, cewa kwana ɗaya kafin abin ya faru an ga tsaga a jikin bango, ana cikin shirin kawo injiniyoyi su duba ke nan sai ƙaddara ta riga fata. Ku riƙe mini maganar tsagar nan, zan komo kanta.

Wannan masallaci ba ƙaramin gini ba ne a tarihin ƙasar Hausa. An gina shi a cikin shekarun 1830, zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, kuma wanda ya gina shi shi ne Babban Gwani, Malam Mika'ilu, wanda ake kira Muhammadu Durugu. Har yau akwai unguwar Babban Gwani a Zariya. Mutumin nan ba shi da siminti, ba shi da rodi, ba shi da takardar zane. Tubali ne da jar ƙasa da azarar giginya. Ita azara kuwa, duk magini ya sani, in ka shimfiɗa ta ba matokari ba za ta wuce kamar ƙafa shida ba sai ta fara sunkuyawa. To da wannan gajeriyar azara ya riƙa ɗaurawa, wata na hawa kan wata, ana yaɓe su da ƙasa, har bakan gizo ya taso daga wannan ginshiƙi ya haɗu da ɗan'uwansa a sama, aka ɗora tulluwa a kai. Labarin baka yana cewa da dare yake aikinsa don kada a ga dabararsa. Ko ma mene ne, masu ilmin gine-gine daga ƙasashe daban-daban sun zo sun ɗaga kai sun yi mamaki. A cikin shekarun 1970 aka faɗaɗa masallacin, aka yi sabon gini na siminti ya lulluɓe tsohon ɗakin salla, wasu sassa na tsohuwar harabar suka tafi.

To waɗancan sassa da suka tafi, yaya aka yi muka san kamanninsu? Saboda wasu mutane sun auna su tun suna tsaye. Akwai wani Bature mai suna J. C. Moughtin wanda ya yi koyarwa a Jami'ar Ahmadu Bello, ya auna masallacin, daga baya ya fitar da littafi a kan ginin Hausawa a 1985. Akwai kuma wani mutumin ƙasar Folan, Zbigniew Dmochowski, sunan da ni kaina sai na ciji harshe nake faɗarsa. Ya zo Nijeriya a 1958, ya yi shekaru yana zagaya ƙasar nan da yaransa 'yan Nijeriya, suna auna fadoji da masallatai da gidaje da tef da fensir. Ya rasu a 1982, littattafansa uku suka fito a 1990. Da wannan awo aka gina kwafin masallacin Zariya da wani yanki na ganuwar Kano da na fadar Katsina a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos. Wato ke nan mutum ɗaya da tef ɗinsa ya ajiye mana abin da gari guda bai yi tunanin ajiyewa ba.

Irin wannan awo na tef shi na koya, shi na ci abinci da shi. A zamaninmu sarƙa muke ja mai ƙafa ɗari, da sanda mai ja da fari, da madubin awo da ake kafawa a kan ƙafa uku, wanda muke kira tiyodolait. Yaro na riƙe da sanda a can, kai kana leƙawa kana rubutawa a littafi, rana na dukan ƙeyarka. In ka auna wurare ɗari biyu a yini ka yi aiki. In fili ne ko gidan bulo, wannan ya isa, domin bangon bulo miƙaƙƙe ne, in ka san kusurwa huɗu ka san ɗakin. Amma ginin ƙasa ba haka yake ba. Gindinsa ya fi samansa kauri, jikinsa na da tudu da kwari, babu bakan gizo biyu da suke daidai da juna, saboda da hannu da ido aka yi su. In ka auna wuri goma a jikin baka ɗaya, abin da ke tsakaninsu sai ka cike da zato. Duk zanen da muka yi na irin wannan gini, rabinsa awo ne, rabinsa zato.

Wannan zaton shi ne sababbin na'urori suka zo suka kawar. Ta farko ita ce na'urar lesa. A kan ƙafa uku ake kafa ta kamar tsohon madubinmu, amma ita ba ta buƙatar yaro mai sanda. Wani siririn haske take harbawa, ya bugi bango ya dawo. Da yake an san gudun haske, kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya, in ta lissafa lokacin da ya ɗauka zuwa da dawowa, ta san nisan wurin. Ta kuma san inda ta fuskanta lokacin da ta harba. To ta sami ɗigo ɗaya ke nan, da adireshinsa cikakke: gabas kaza, arewa kaza, sama kaza. Sai ta ɗan juya ta sake. Manyan cikinsu suna ɗaukar ɗigo har miliyan ɗaya a daƙiƙa, kuskurensu bai wuce 'yan milimitoci ba, wato kamar kaurin ƙwayar gero biyu ko uku. Abin da na yi shekara talatin ban tara a littattafaina ba, ita kafin ka sha kofin shayi ta tara.

In aka zuba waɗannan ɗigo a kwamfuta, sai ka ga ginin ya tsaya a gabanka kamar an yi shi da ƙura. Kana iya juya shi, ka shiga ciki, ka hau sama, ka yanka shi biyu kamar kabewa ka ga kaurin bango. Sai dai haske ba ya shan kwana. Abin da ke bayan ginshiƙi ba ta gani, dole a ɗauke ta a kafa a wani wuri, a sake, wani lokaci sau hamsin ko fiye, sa'an nan a ɗinke su wuri ɗaya da taimakon wasu alamomi da aka manna a bango. A wurin ɗinkin nan ne ake gane ƙwararre da ɗan koyo.

Hanya ta biyu ita ce awo da hotuna, kuma ita ce ta fi shafarmu domin ita ce mai araha. Ba sabuwa ba ce. Wani Bajamushe mai suna Albrecht Meydenbauer ne ya fara tunaninta a 1858, bayan ya kusa faɗowa daga saman wata majami'a da yake aunawa a garin Wetzlar. Ya ce ai maimakon mutum ya riƙa lilo a igiya, me zai hana a ɗauki hoto a yi awon a kan tebur? Dabarar ita ce wadda Allah ya yi mana a fuska. Ku ɗaga ɗan yatsa, ku rufe ido ɗaya, ku buɗe ku rufe ɗayan. Kun ga yatsan ya yi tsalle? Da wannan bambanci na ido biyu ƙwaƙwalwa ke gane nesa da kusa. To in ka ɗauki hoton bango daga nan, ka matsa taku ɗaya ka sake ɗauka, har hoto ɗari biyar, kwamfuta za ta nemo tabo ɗaya a hotuna da yawa, ta lissafa inda yake. Rufi da saman hasumiya kuma, ƙaramin jirgin nan mara matuƙi ake tayarwa da kyamara, sai dai a ƙasar nan sai da izinin hukuma. Akwai kuma lesar da ake ɗaurawa a jirgin sama, wadda haskenta ke ratsa tsakanin ganyaye ya taɓo ƙasa. Da ita aka gano tituna da unguwannin tsohon birnin Angkor na ƙasar Kambodiya a ƙarƙashin kurmi a 2012.

To me za a yi da wannan gini na cikin kwamfuta? Mu koma kan tsagar nan ta Zariya. Jama'a, bango ba ya faɗuwa rana ɗaya. Kafin ido ya ga tsaga, ya daɗe yana motsi: ginshiƙi na karkata kaɗan-kaɗan, tulluwa na zama, damshi na cin gindin gini, gara na cin azara. In ka auna gini bana da rani, ka sake aunawa baɗi, ka ɗora awon biyu a kan juna, kwamfuta za ta shafa ja a duk inda ya gusa, ko da kaurin farce ne. Akwai kyamarar da ke ganin zafi da sanyi, tana nuna inda ruwa ya kwanta a cikin bango. Akwai kuma na'urar da ake turawa a ƙasa ko a jikin gini tana leƙa abin da ke ciki, ko akwai rami. Na san wani zai ce in ajali ya yi kira babu na'urar da za ta hana. Haka ne, babu mai ja da wannan. Amma malam na nan zaune, ya sha gaya mana cewa tawakkali bai hana mutum ɗaure raƙuminsa ba. Kuma ruwan sama na waɗannan shekaru ba irin wanda muka sani ba ne. A farkon Satumba 2024 ruwa ya kwantar da tsohon masallacin Birni na Damagaram, ginin tsakiyar ƙarni na 19, mutane na tsaye suna kallo suna ɗauka a waya.

Amfani na biyu shi ne in abin ya riga ya faru. A birnin Faris akwai wata babbar majami'a mai suna Notre-Dame, ta fi shekara 800. Wani malamin jami'a, Andrew Tallon, ya auna ta da lesa, ya tara ɗigo fiye da biliyan ɗaya, don kawai yana son ya gane yadda maginan da suka yi ta suka yi tunani. Ya rasu a 2018. Ranar 15 ga Afrilu 2019 gobara ta cinye rufin da dogon tsininta. Awon mutumin nan na cikin abubuwan da masu gyara suka dogara da su, har aka sake buɗe ta ranar 7 ga Disamba 2024. Amma ga abin da nake so ku lura da shi. Kwamfuta ba ta sassaƙa ko gungume ɗaya ba. Itatuwa fiye da dubu aka saro, kafintoci suka feƙe na rufin da gatari, da hannu, irin yadda aka yi tun farko. Da Faransa ta bar wannan sana'a ta mutu, da awon Tallon ya zama hoton mamaci kawai.

A nan ne nake da 'yar jayayya da yaranmu masu ɗokin na'ura. Na'ura fatar gini take gani. Ba ta san yadda aka jera azara a cikin baka ba. Ba ta san kwana nawa ake barin ƙasa ta ruɓa da ciyawa kafin a taka ta ba. Ba ta san makuba ba, ba ta san laso da ake haɗawa da katsin marina ba, ba ta san daga wane kududdufi ake ɗebo ƙasar da ke jure ruwa ba. Wannan ilmi a kan tsofaffin magina yake, su Sarkin Magina da yaransu, kuma kullum raguwa suke yi, 'ya'yansu sun koma ɗora bulo ko sun zo nan Ikko suna acaba da gadi. Wataƙila ma a cikin zauren nan akwai jikan gwani, bai taɓa riƙe tubali ba.

Akwai wani abu kuma. Ginin ƙasa ba shi da kamanni ɗaya. Ku ɗauki babban masallacin Jenne a ƙasar Mali, wanda aka yi ginin da ke tsaye yanzu a 1907. Kowace shekara mutanen gari ke fitowa ƙwai da ƙwarƙwata su yaɓe shi a yini ɗaya. Wata ƙungiya ta Jami'ar Kef Tawun a Afirka ta Kudu, ƙarƙashin Farfesa Heinz Rüther, ta auna shi da lesa, ta auna masallacin Jingarebar na Tambutu, da wurare da yawa a Afirka. Sunan ƙungiyar Zamani, amma da Sawahilanci ne, inda kalmar ke nufin lokacin da ya wuce, mu kuwa in mun ce zamani yanzu muke nufi. To abin da suka ɗauka a Jenne kamannin wannan shekarar ne kawai. Shekara mai zuwa an ƙara yaɓe, kusurwa ta ƙara dakushewa. Lokacin da gidauniyar Aga Khan ta zo gyara, ta tarar yaɓen shekara da shekaru ya taru har ya yi wa ginin nauyi, kuma a Nuwamba 2009 saman ɗaya daga cikin hasumiyoyinsa ya zube bayan wani ruwa mai ƙarfi. In za a mayar, wane kamanni za a mayar, na 1907 ko na jiya? Wannan ba tambayar kwamfuta ba ce, tambayar magina ce da masu gari. Kuma dole a tambaye su tun farko. A 2006, da mutanen Jenne suka ga baƙi a kan rufin masallacinsu suna bincike ba a yi musu cikakken bayani ba, gari ya hargitse.

Kanawa, kada ku ce na manta da ku. Ganuwar Kano, wadda tarihi ya ce Sarki Gijimasu ya fara ta wajen shekara 900 da suka wuce, Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa ta, kun fi ni sanin halin da take ciki. An ɗebe ta an yi tubali, an yanka ta an yi filoti, an yi shaguna a kanta. Ƙofar Na'isa ta asali an rushe ta a 2010 don faɗaɗa titi. Ƙofofin siminti da aka tsayar suna da kyau a ido, amma su da na asali suna kawai suka haɗa. Duk da haka ko inda badala ta ɓace, ana iya bin sawunta. Bature Barth, wanda Kanawa suka sani da Abdulkarimu, ya zana taswirar birnin bayan zuwansa a 1851. H. L. B. Moody ya bi ganuwar da ƙofofinta ya rubuta a ƙarshen shekarun 1960. Akwai tsofaffin hotunan jirgin sama, akwai na taurarin leƙen asirin Amurka na shekarun 1960 da aka saki a 1995. In aka ɗora su a kan hoton tauraron ɗan'adam na yau, sai ka ga layin ganuwa ya ratsa ta tsakar gidajen mutane.

To mu dawo gida. Legas gari ne da ba ya waiwaye. Dattawanmu sun yi salla a tsohon babban masallacin Legas da aka gama a 1913, aka rushe shi aka yi na yanzu da aka buɗe a 1988. Sabon ya fi girma, babu musu, amma tsohon sai a hoto. Gidan Ilojo Bar da ke dandalin Tinubu, wanda gwamnati ta sa cikin kayan tarihin ƙasa tun 1956, ranar Lahadi 11 ga Satumba 2016, jajiberin Babbar Salla, muna can muna cinikin raguna, katafila ta shafe shi. Masallacin Shitta-Bey na 1894 yana nan tsaye, Allah ya ƙara masa kwana. Nan kusa da mu kuma, a cikin harabar reluwe, akwai gidan Jaekel na 1898, wanda ƙungiyar Legacy ta gyara a 2010 aka mayar da shi ɗan gidan tarihi. Nawa ne a cikinmu suka taɓa shiga? Ga shi kuwa a nan ne labarin dogon da ya isa Kano a 1911 yake, dogon da ya kawo kakanninmu da shanu da gyaɗa, ya koma da goro.

Su reluwe sun sami masu ajiye musu tarihi. Mu wa zai ajiye mana? Muna bin titin Kano da titin Borno kullum, amma in yaro ya tambaye ka yaushe Hausawa suka zauna a nan, me za ka nuna masa? Ba mu da ganuwa, ba mu da fada. Abin da muke da shi shi ne ɗan masallacin nan, da bulonsa da katakonsa da kwanonsa, wanda 'yan dako da leburorin dogo da fataken goro suka gina da kwabo-kwabo. Wani zai ce ai ba shi da wani kyau. Ba kyau nake magana ba. Ranar da wani ya tashi ya ce mana jiya kuka zo, shi ne shaidarmu da ba ta mantuwa. Awon da zan ce a yi ba takardar mallakar fili ba ce, kada wani ya fita ya ce na faɗi haka, amma shaida ce mai kwanan wata da adireshin da ba ya gushewa.

Ni ban zo in ce kada a yi bene ba. Ranar Juma'a sahu na fita har kan titi, damina ta zo mutane na salla cikin ruwa, wannan ma haƙƙi ne. A garin Dandaji na jihar Tawa a Nijar sun sami mafita mai kyau: maimakon su rushe tsohon masallacinsu, sai aka mayar da shi ɗakin karatu, aka kira maginan asali suka sa hannu a gyaran, aka gina sabo a gefe, aka gama a 2018. Amma su suna da fili. Mu a nan ko wurin ajiye takalma ba ya isarmu. Saboda haka in shawara ta tsaya a kan rushewa, ba zan ce uffan ba. Roƙona ɗaya ne, a ba ni mako biyu kafin a ɗora guduma.

Kuma bari in gaya muku abin da ya sa na nace. Kakana yana da zaure a garinmu, mai ɗaurin guga, da zane a goshin ƙofa, da zankwaye a sama. A nan na yi karatun allo. Shekara talatin ina auna filayen mutane daga nan har Ikorodu, duk Salla in na je gida sai in ce wani zuwan zan taho da tef. Wata damina aka bugo mini waya aka ce zaure ya zauna. Da na je har an kwashe ƙasar an zuba a rami. Jikata ta tambaye ni yaya yake, na ɗauki fensir, ni da nake taƙama da zane, wallahi na kasa tuna ko baka huɗu ne ko shida.

Ga abin da za mu yi a mako biyun nan. Ina son matasa shida masu waya mai kyamara mai kyau. Za mu fito da safe ko ranar da gari ya yi lumshi, domin rana mai ƙarfi tana kawo inuwa, inuwa kuwa tana ruɗa kwamfuta. Za a zagaya ginin a hankali, taku ɗaya hoto ɗaya, kowane hoto ya haɗa kashi biyu cikin uku na wanda ya gabace shi. Ban da jawo hoto kusa da yatsa, in kana son kusa ka taka da ƙafarka. Za mu shimfiɗa tef a ƙasa ya fito a hoto, don kwamfuta ta san girman abin da take gani. Gilashi da farin bango sumul suna ba ta wahala, a nan za mu manna 'yan takardu masu alama. Ciki ma haka, har mumbari da mihirabi da rubutun da ke saman ƙofa. Kusurwoyin fili kuma ni zan ɗauka da na'urar tauraron ɗan'adam ta safiyo. In shugaba ya amince, za mu rubuta wa sashen safiyo na Jami'ar Legas da ke Akoka da kwalejin fasaha ta Yaba, ga su nan kusa, ko za su turo ɗalibai da na'urar lesa. Ɗalibi na neman aikin kammala karatu, mu muna neman awo, kowa ya samu.

Sa'an nan kuma, yayin da yara ke ɗaukar bango, ina son wasu su zauna gaban dattawa su ɗauki murya. Baba, ku ne kuka san wa ya ba da filin, wa ya fara limanci, wace shekara aka canza kwano, wa ya kawo agogon nan na bango. Iyayenmu mata, ku ma kuna da naku, domin ku kuka dafa wa magina abinci. Duk wanda yake da tsohon hoton ɗaurin aure ko na Salla da masallacin ya fito a bayansa, ya kawo a ɗauka a mayar masa a take.

In an gama, kada a bar shi a wayar yaro ɗaya, wayar ta faɗa kwata shi ke nan. Waɗanda suka yi aikin ofis sun tuna faifan kwamfuta na shekarun 1990, yau ko kana da shi ba ka da inda za ka sa shi. Za a yi kwafi uku, ɗaya wurin sakatare, ɗaya wurin liman, ɗaya a intanet, kuma a buga zanen a kan takarda babba a sa a gilashi, a rataye a sabon ginin inda kowa zai gani. Masu zuwa gida da Salla kuma, in akwai tsohon soro ko zaure a gidanku, ku same ni kafin ku tafi in nuna muku yadda ake ɗauka, ba ya cin fiye da awa ɗaya.

Sakatare na da takarda a bakin ƙofa, matasan da za su yi aikin su rubuta sunansu kafin su fita, Asabar mai zuwa bayan sallar Asuba za mu fara.